Amsoshin Tambayoyinku: Me Za Mu Saya wa Yaranmu Masu Son Kimiyya da Ƙere-ƙere a Legas?

Assalamu alaikum. Dogon hutu ya ƙarato, kuma yawancin saƙonnin wannan karon daga iyaye suke, masu neman inda za su kai yara su koyi kwamfuta da ƙere-ƙere, ko abin da ya kamata su saya musu. Na taƙaita tambayoyin, na kuma ɓoye sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wata uwa a Agege: Makarantar ɗana ta aiko da takarda cewa za a yi ajin kodin (koyon rubuta wa kwamfuta umarni) da haɗa robot na sati huɗu a hutu, kuma kuɗin ya kusa kai na zango guda. Shekararsa 9. Babansa ya ce almubazzaranci ne, ni kuma ina tsoron a bar shi a baya. Mu biya?

Hajiya, kar ki biya tukuna, kar kuma ki ce a'a. Ki taka da ƙafarki zuwa makarantar ki tambaya: yara nawa ne a kan kwamfuta ɗaya? In biyu ne, madalla, don suna gardama suna gyara wa juna. In aka ce biyar ko shida, to mutum ɗaya ne zai riƙa dannawa, sauran 'yan kallo ne, kuma yaro mai kunya shi ne zai ƙare a baya yana leƙe ta kafaɗar wani har satin huɗun su cika.

Sai ki ce a nuna miki abin da yaran bara suka yi. Ba hoton ranar rufewa nake nufi ba, da riguna iri ɗaya da satifiket a hannu. Aikin kansa. In aka jera miki robot goma duk iri ɗaya sak, takardar umarni suka bi, taya a nan, kusa a can. Ba laifi ba ne, amma bai kai a biya masa wannan kuɗi ba. Inda ake koyarwa da gaske za ki tarar ayyukan sun sha bamban, wani ma da salatif aka ɗaure shi, kuma malamin zai iya gaya miki inda kowane yaro ya maƙale da yadda ya fita. Ki kuma tambaya da me yaron zai ci gaba a gida bayan an tashi. Kayan robot na LEGO da makarantu da yawa ke amfani da su suna da kyau ƙwarai, sai dai tsadarsu ta sa a makaranta suke kwana. Yaro ya dawo da ɗoki, ba abin taɓawa, kafin zango ya raba ya manta.

Ga abin da ba a cika gaya wa iyaye ba. Mafi yawan ajujuwan kodin na 'yan shekara 9 da manhajar Scratch suke koyarwa, kuma kyauta ce. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da ita a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Ba a rubuta komai mai wuya, ana jawo umarni ne masu launi a jona su da juna. Ana iya sauke ta sau ɗaya a yi ta aiki ba data, kuma akwai Hausa a jerin harsunanta. In akwai kwamfuta a gida ko a gidan ɗan'uwa, a buɗe masa. Zai ga hoton kyanwa a tsaye a fuskar kwamfutar. Ki ce ya sa ta yi tafiya, ta juyo in ta bugi bango, ta yi kuka in an danna ta. Ki ba shi sati biyu. In kika ga sai an yi da gaske yake tashi cin abinci, yana kiran ƙannensa su zo su ga wasan da ya haɗa, to kuɗin aji mai kyau ba asara ba ne, domin abin da za ki saya shi ne malami da abokan gogayya. In kuwa kwana uku ya yar, kin tsira da kuɗinki, a sake gwadawa baɗi.

Kuma ba dole sai takardar farko da aka miƙo miki ba. Irin waɗannan ajujuwa sun daɗe a Legas. Lokacin da Mark Zuckerberg mai Facebook ya zo a watan Agustan 2016, cibiyar CcHUB da ke Yaba ya fara sauka, ya tarar da yara suna ajin kodin na hutu. Ki bincika, ki gwada farashi, amma ki zaɓi wuri na kusa. Yaron da ya sha gosulo awa biyu kafin ya isa aji ya riga ya gaji.

Batun a bar shi a baya kuwa, ki kwantar da hankalinki. A shekara 9 abin da ke barin yaro a baya shi ne rashin iya karanta shafi guda ya fahimta, da rashin riƙe jadawalin ninkawa. In waɗannan biyun na da rauni, can ya kamata kuɗin ya fara zuwa.

Daga wani Alhaji mai sayar da albasa a Mile 12: Yarana uku, babbar tana JSS 2, ta dame ni sai na saya mata kwamfuta. Wani ya ce in sayi tab na yara mai darussa a ciki, ya fi araha. Wani ya ce laftof. Ban san kan abin ba, kuma ina tsoron Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

Alhaji, laftof za ka saya, ko da na hannu ne. Yaro a kan tab yawanci karɓa yake yi, ya kalli bidiyo, ya danna amsa. Rubuta manhaja, koyon buga rubutu da yatsu goma, jona na'ura ta kebul, duk sai da kibod. Ka kuma tuna tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB, kuma yarinyar da hannunta ya saba ba za ta ɓata lokaci tana lalube ranar jarrabawa ba.

Ka nemi irin waɗanda aka yi wa ma'aikatan ofis: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude ko HP EliteBook. Suna da ƙwari, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu a Ikeja. Ka rubuta wannan a takarda ka tafi da ita: RAM ya kai 8GB, ma'ajiya ta zama SSD mai 256GB ko fiye, ƙwaƙwalwar kuma Intel zubi na 8 zuwa sama. Dalilin na ƙarshen shi ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 daga zubi na 8 yake karɓa a hukumance. Gane zubin ba wuya. In ka ga an rubuta i5-8250U, lambar farko bayan karan ita ce zubin, wato 8. In i7-3520M ka gani, zubi na 3 ne, tsoho ne sosai, komai ƙyallin takardar Core i7 da aka manna a jiki. Da wannan takarda ake cin mutane da yawa, su biya kuɗin i7 su tafi da abin da bai kama ƙafar i5 na zubi na 8 ba.

Ka tafi da wanda ya san kwamfuta, ko da za ka biya shi kuɗin mota da na abinci. Kar ka tsaya wa samarin da ke tare mutane tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja. Ka shiga shago mai suna da adireshi, a ba ka rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, a rubuta garanti da kwanakinsa. Kai da kanka ba ka sayen buhun albasa sai ka ga ta ƙasan buhu, to haka za ka yi a nan. A zare caja a kunna bidiyo na rabin awa ana kallon yadda batir ke sauka. A danna kowane harafi na kibod, a gwada kowace kafar USB, da kyamara, da Wi-Fi, da sauti. A buɗe farin shafi a duba fuskar ko akwai tabo ko layi. A kashe a kunna a shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali, a tabbatar ba a kulle shi da lambar sirri ba. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji, ka yi masa sallama.

Za a iya nuna maka Chromebook, wani irin laftof mai aiki da manhajar Google, mai arahar gaske. Wasunsu daga makarantun ƙasashen waje suka fito, har yanzu a kulle suke da sunan makarantar, kuma yawancin aikinsu sai da intanet. Ga gida mai yara uku, ka bar shi.

Ka rage wani abu cikin kuɗin don soket mai kare kaya daga hauhawar wuta, da jaka mai kauri. A gida kuma a falo kwamfutar za ta zauna, inda kowa ke wucewa, a raba wa yaran lokaci a rubuce. A sa musu Scratch, a sa wa babbar Python, wani harshen rubuta manhaja, a sauke gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado, waɗanda Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a Fiziks a 2001, ya assasa a 2002. A ciki yarinya za ta haɗa batir da waya da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta ta ga yadda wuta ke gudana. Duk kyauta ne, kar wani ya caje ka kuɗin manhajar kanta.

Daga wani mai gadi a Obalende: Ɗana ɗan shekara 12 ba ya barin komai. Ya kwance rediyona, ya kwance tocila, ya ciro ɗan injin daga tsohuwar DVD ya yi fanka da kwali. Uwarsa tana dukansa saboda ɓarna. Ba ni da kuɗin makarantar kwamfuta. Me zan yi masa?

Malam, Allah ya raya maka shi. Wasiƙarka ta fi kowacce faranta mini rai. Fankar kwalin nan ita ce abin da wasu iyaye ke zuba dubbai don a cusa wa 'ya'yansu, kai kuma ka same shi a gida. Ka lallashi uwarsa a ajiye bulala, a yi yarjejeniya: za a ba shi kwali guda nasa, duk abin da ke ciki ya kwance yadda ya ga dama, abin da ke aiki a ɗaki kuwa haramun ne gare shi. Matattun rediyo da tocila da fankar caji, wurin masu gyara da 'yan gwangwan za ka samo su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abu na farko da za ka saya masa shi ne maltimita, 'yar na'urar awon wuta da kake gani a hannun masu gyaran rediyo, mai wayoyi biyu, ja da baƙi. Ƙaramar ma ta isa. Da ita zai daina kwancewa a makance. Ya ɗora wa sabon batirin tocila ya ga 1.5, ya ɗora wa wanda ya mutu ya ga ya sauka, ya bi waya ya gano daidai inda ta tsinke a ciki. Ranar da ya gano cewa rediyon da aka jefar waya ɗaya ce kawai ta saki, ya mayar ya ji ta yi magana, ka samu mai gyara a gida. Bayan mita sai allon gwaji mai ramuka wanda ake soka kaya ba sai an narka dalma ba, da ƙananan fitilun LED, da rizistoci masu rage ƙarfin wuta, da wayoyi, da gidan batir, da ƙananan sukundireba. Ana samun su a kasuwar Alaba da ke Ojo da shagunan kayan gyara na Ikeja, kuma gaba ɗayansu ba su kai kuɗin motar wasa mai rimot ba.

Ka bar shi ya ƙona LED ɗaya. Ya jona ta kai tsaye da batir mai bolt 9, za ta yi walƙiya ta mutu. Ya ɗauki wata ya sa rizista mai om 470 a tsakani, sai ta kama ta zauna lafiya. Zai tambaya me ya sa, kuma amsar ita ce dokar Ohm da zai tarar a Fiziks a babbar sakandare. Ranar da malami ya rubuta ta a allo, shi ya riga ya gan ta da idonsa.

A nan zan ɗaure fuska. Batir kaɗai zai yi wasa da shi. Wutar soket bolt 230 ce, tana kisa. Tsohon talabijin mai ƙeya, da injin ɗumama abinci, da inbata, da UPS, suna riƙe wuta a ciki ko bayan an zare su, kada su shiga kwalinsa. Batirin waya ko na fawabank, musamman wanda ya kumbura, ba a huda shi, ba a haɗa bakinsa biyu, domin yana kamawa da wuta. Ƙananan batura masu kamar maɓalli a nisanta su da ƙannensa, haɗiye su na ƙona maƙogwaro. In ya kai ga narka dalma, a waje zai yi inda iska ke kaɗawa, ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

In Allah ya hore, ya kuma samu inda zai riƙa taɓa kwamfuta, sai a sayi Arduino Uno, wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, wanda ake rubuta wa umarni ya kunna fitila ko ya juya inji. A garin Ivrea na Italiya aka fara aikin Arduino a 2005, kuma masu shi sun saki zanensa ga kowa, shi ya sa ake samun na wasu kamfanoni da araha kuma suna aiki. Wasunsu sai an sa wa kwamfuta 'yar manhajar CH340 kafin ta gane su, kar a ɗauka lalatacce aka saya. Akwai kuma micro:bit da BBC ta fitar a 2016, mai fitilu 25 da maɓallai a jikinsa. Ya fi sauƙin farawa, amma yaron da ke son waya da sukundireba Arduino ya fi dacewa da shi. Ka ba shi aiki daga bakin ƙofarka: fitilar da za ta kunna kanta in mutum ya gifta da dare.

Ka haɗa masa da littafin zane, duk abin da zai kwance ya zana shi tukuna. Jelani Aliyu ɗan Sakkwato da zanen motoci ya taso tun yana yaro, har ya kai ga zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Kuma komai daɗin gyara, kada ya bar makaranta.

Daga wani kawu a Ikorodu: Ɗan yayata yana hannuna, zai gama JSS 3. Hannunsa na da kyau, karatun littafi kuwa tsaka-tsaki. Ya ce injiniya yake so ya zama. In kai shi tekanikal, ko ya shiga ajin kimiyya, ko in kai shi koyon gyaran waya kawai?

Ɗan'uwa, na ƙarshen shi kaɗai ban goyi bayansa ba. Gyaran waya sana'a ce mai albarka, ya koya ranar Asabar da lokacin hutu, amma yaro ɗan shekara 14 ko 15 da aka cire daga makaranta an rufe masa ƙofofin da bai ma san da su ba.

Mutanenmu da yawa na ɗaukar tekanikal wurin waɗanda suka kasa, kuma wannan tunani ya cuce mu. Jihar Legas na da kwalejojin fasaha a Agidingbi, Ikotun, Ado-Soba, Epe, da nan Ikorodu kusa da kai, duk a ƙarƙashin LASTVEB, hukumar ilimin fasaha da sana'a ta jihar. Gwamnatin tarayya ma na da tata a Yaba. Shekara uku ake yi bayan JSS 3, a koyi sana'a guda, kamar haɗa wutar gida, kanikanci, walda, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, aikin famfo ko gini, tare da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya. A ƙarshe a rubuta jarrabawar NABTEB ta makarantun fasaha, kuma JAMB na karɓar sakamakonta kamar yadda take karɓar na WAEC da NECO. Daga nan yaro na iya shiga babbar kwalejin fasaha ta gaba da sakandare da ke Yaba (YABATECH), wadda aka kafa a 1947, ya yi ƙaramar difloma (ND) shekara biyu, ya ci gaba zuwa babbar difloma (HND) ko ya tsallaka jami'a.

Amma ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiya. Digirin injiniya shekara biyar ne, kuma Lissafi ne ƙashin bayansa. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, kuma waɗannan huɗun zai rubuta a JAMB. Ko ta tekanikal ya bi ko ta ajin kimiyya, ba hanyar da ta kewaye su. Saboda haka ka ɗauko takardun sakamakonsa na shekara ukun nan ka duba layin Lissafi kaɗai. In hawa yake yi, kowace hanya ta yi. In sauka yake yi, kuɗin malamin lesin na Lissafi ya fi komai gaggawa.

Kafin ka yanke, ka ziyarci makarantun ranar karatu, ba ranar biki ba. A tekanikal ka shiga ɗakin aiki. Kana jin ƙarar inji da ƙaurin walda, ko ƙura ce ta rufe injinan? Yara nawa ne a benci ɗaya? A sakandare ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje, domin WAEC na da jarrabawar aiki da hannu a Fiziks da Kemistiri, kuma akwai makarantun kuɗi da ɗalibi ba ya taɓa kwalbar gwaji sai ana saura sati biyu. Ka kuma tanadi katin LASRRA na mazauna Legas, ana yawan neman sa a makarantun jiha.

Ra'ayina, ga yaro irin wanda ka kwatanta, tekanikal mai injinan da ke aiki, haɗe da lesin na Lissafi. Zai fito da sana'a a hannu yana ɗan shekara 18, ƙofar jami'a kuma a buɗe.

Daga wata ɗaliba a Idi-Araba: Ina SS 1 ajin kimiyya. Ina son shiga gasa, amma makarantarmu ba ta kai mu ko'ina, kuma Baba ba ya son in riƙa zuwa nesa.

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Damuwar Baba tana kan hanya, Legas ce, don haka mu nemi abin da ba sai an yi nisa ba. Akwai gasar Technovation ta 'yan mata 'yan shekara 8 zuwa 18, kyauta ce. Ku haɗu ke da ƙawayenki, kada ku wuce biyar, ku samu malama ko wata babbar yaya ta jagorance ku, ku zaɓi wata matsala ta unguwarku, ku haɗa manhajar waya da za ta taimaka. Da MIT App Inventor, manhajar haɗa manhajojin waya, ake yawan yi, kwamfuta ɗaya da wayar Android ɗaya sun isa, kuma ta intanet ake tura aikin. A 2018 wasu 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha suka ci zinare a rukunin ƙanana na duniya da manhajar gano jabun magani. Sa'anninki ne a lokacin.

Ga gasar lissafi ta Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin, ga InterswitchSPAK ta ɗaliban kimiyya na SS 2, wadda ke nufin bana ce shekarar shirinki, ga kuma gasar Olamfiyad ta Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja. Waɗannan ta hannun makaranta aka fi shiga, kuma sau da yawa ba a shiga ne don ba wanda ya matsa. Ki tara sunayen ɗalibai goma masu sha'awa, ku je wurin malamin Fiziks ko Lissafi cikin ladabi, ku roƙi a yi muku rajista, a kuma farfaɗo da ƙungiyar JETS ta matasan injiniyoyi da masana kimiyya. Duk gasar da ta ce sai an biya kuɗi mai yawa, ko a sayi ƙuri'a, ki rabu da ita.

Baba kuwa, ki riƙa nuna masa aikin tun daga farko, ya san su wa kuke tare, a gidan wa kuke zama. In kuma ana karanta masa wannan shafi: Alhaji, asibitin koyarwa na LUTH da kwalejin likitanci suna nan a unguwarku. Duk sanda muka kai iyali muna fatan mu tarar da likita mace mai jin Hausa, kuma daga yara irin wannan take fitowa.

Daga wani uba a Ijora: Na ga madubin ƙara girman abu na yara an rubuta yana ƙarawa sau 1200, da kuma na hangen taurari mai araha. Wanne zan saya?

Ko ɗaya. Na roban nan lambar da ke kwalinsu ba abin dogaro ba ce, dishi-dishi kawai yaro zai gani ya fita a ransa. Gilashin ƙara girma na hannu mai kyau ya fi su amfani, ya duba ƙafar tururuwa da zaren atamfa da ƙwayar gishiri. Na kallon sararin sama kuma, madubin hangen nesa mai ido biyu, 7x50 ko 10x50, yana nuna ramukan da ke jikin wata sarai. Ka haɗa masa da manhajar Stellarium a waya, mai nuna inda wata da taurari suke, ku riƙa neman jinjirin wata tare. Sharaɗi ɗaya: kada ya taɓa kallon rana da shi ko na ƙiftawar ido, yana makantarwa.

Daga wani malamin Islamiyya a Zangon Agege: Ina son buɗe wa ɗalibaina zaman kimiyya na awa ɗaya ranar Alhamis. Ba mu da ɗakin gwaji, kuɗinmu kaɗan ne. Da me zan fara?

Malam, Allah ya saka da alheri. Ka fara da madafi. A jiƙa zoɓo ba sukari, a zuba a kofuna uku masu haske. Na farko a matsa lemon tsami, jansa zai ƙara haske. Na biyu a bar shi. Na uku a ɗiga ruwan kanwa, sai ka ga ya rikiɗe ya yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Launin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi ko akasin tsamin, aikin da takardar litmus ke yi a ɗakin gwaji. Sai yara su kawo ruwan toka, ruwan sabulu, ruwan tsamiya, kowa ya faɗi hasashensa kafin a zuba, a rubuta. Sannan ka tambaye su me ya sa iyayensu mata ke jefa kanwa a miyar yakuwa. Kada a sha abin da aka yi gwaji da shi, kuma kada a kawo sinadaran wanke banɗaki, haɗa bilic da mai tsami na fitar da iskar kulorin mai guba.

Mako na gaba a yi firjin tukunya. Malam Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa shi: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar yana bushewa, bushewar ce ke janye zafi. Ka sayi ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, yara su riƙa rubutawa. Za su tarar a Legas bai cika sanyi kamar yadda yake yi a Arewa ba, domin iskar nan cike take da laima, ruwa ba ya saurin bushewa. Kar ka gaya musu dalili, su nemo. A adana littafin, a maimaita lokacin hunturu, a gwada lambobin.

Sayayyarka ke nan: ma'aunin zafi, tef ɗin awo, gilashin ƙara girma, maganaɗisu, maltimita ɗaya, da littafin rubutu ga kowane yaro. Ka raba su huɗu-huɗu, mata su yi nasu da hannunsu, kada su zama masu rubuta wa maza sakamako.

Sau ɗaya a zango ku fita. Jirgin Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege, ya bi ta Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba zuwa Oyingbo, da dizal yake tafiya. Na Shuɗin Layi daga Marina zuwa Mile 2, mai nisan kilomita 13, wanda ya fara a Satumban 2023, da lantarki yake aiki, yana ɗaukar wuta daga ƙarfe na uku da ke gefen layin, shi ya sa aka hana tsallaka shi. Yara su riƙe agogo su auna mintoci tsakanin tasha da tasha, in an dawo a nemo nisan a lissafa gudun jirgin. Ka nemi izinin iyaye a rubuce, babba ɗaya ga yara biyar, ku tanadi katin Cowry na biyan kuɗin jirgi tun kafin ranar, ku kuma duba jadawalin tashin jirgi kafin ku bar gida.